Tifar da Aka Ɓoye a Gwaram

Birnin Kudu,
farkon Safar, 1977

Zuwa ga ɗan Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka a Kano. Mu nan Malam ya samu sauƙin ƙafar, har yana fita wajen ɗalibansa da sanda. Ƙanwarka Huseina lafiya lau, amma jaririnta na fama da haƙori. Kakarka Hapsatu idon sai a hankali. Ni lafiyata ƙalau, hankalina ne ba a kwance ba.

Ka yi haƙuri da rubutun. Sai da na yi jika na shiga ajin yaƙi da jahilci, hannun ya fi sabawa da muciya.

A gidan suna na ji wai masu haraji sun tasa ku 'yan kwangila a gaba, ku biya na shekarun baya tun daga sanda ka fara jigilar tsakuwa, alhali abin da aka yanka muku a lokacin kun biya. Wai kun haɗa kai kun ce ba ku yarda ba. Matar Sabo direbanka ce ta faɗa, ina zaune ina gyaɗa kai kamar na sani. Ta ƙara da cewa ka je Gwaram ka kwana wajen Yaya Dada, ta sa an yi maka saukar Alƙur'ani.

Hanyar Kano zuwa Gwaram ta garin nan ta bi. Gidan nan kuma gidan karatu ne, ba sai an yi hayar masu sauka ba.

Ban ce Dada ba ta cancanta ba. Yayata ce, ita ta goye ka ranar yaye ta tafi da kai, ita ta yi jinyarka da ƙyanda. Kai ɗan fari ne, ban taɓa kama sunanka ba, kowa yana yaba kunyata. Rufin kwanon da ka yi mata ban ce komai ba, kujerar Makka ma na yi mata murna a gaban mutane. Amma damuwarka fa, ita ma ta Dada ce ita kaɗai?

Malam na sa maka albarka.
Ni ce,
Safara'u

Birnin Kudu,
tsakiyar Safar

Zuwa ga ɗan Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Jaririn ya warware, Malam kuma ciwon ƙafar ya dawo. Ban ga amsarka ba.

Ranar Laraba wasu mutum biyu suka yi sallama, ɗaya da biro a aljihu da tabarau. Malam na masallaci, sai na fito zaure. Suka ce daga ofishin haraji suke, suka kama sunanka, suka tambaya ko ni ce mahaifiyarka. Maƙwabta sun taru a ƙofa suna kallona. Na ba su amsar da nake ba kowa tun kana goye: ba nawa ba ne, ɗan Yaya Dada ne ta Gwaram. Mai tabarau ya yi dariya ya ce to Hajiya, ko wace unguwa ce a Gwaram ɗin? Na kwatanta masa, har da tsamiyar ƙofar gida. Ruwan da na kawo ma ba su sha ba.

Na ga ya kamata ka sani. In ka ga dama ka aiko mini da yadda ake ciki, ko layi biyu ne. Ina iya karantawa da kaina yanzu, ba kamar wasu ba da sai an kira musu malamin makaranta.

Ni ce,
Safara'u

Birnin Kudu,
ƙarshen Safar

Zuwa ga Ƙasimu,

Gaisuwa irin ta uwa. Kowa lafiya sai ni.

Yaya Dada ta zo jiya a motar kasuwa, ko mayafi ba ta sauke ba ta fara. Daga bakinta na ji cewa tifarka tana bayan gidanta, an lulluɓe ta da zana da karan dawa don kada a kama ta kafin ku gama shari'arku. Mutanen nan sun je, sun yaye zanar, sun tafi da ita. Ta ce ni na tura su da gangan, wai baƙin cikin kwano ne ya ci ni. Ta faɗa a tsakar gida, gaban Huseina. Ta ce kuma ta aika maka da haka, kuma ba ka musa ba.

Ban san tifa tana can ba. Wa ya gaya mini? Sabo ya sani, matarsa ta sani, har yaran da suka ɗebo karan sun sani. Da nan ka kawo ta, da na zauna a kan zanar nan ina kaɗi, in ga mai tabarau ɗin da zai tashe ni. Maganar da na faɗa musu ita ce wadda Dada ta fi kowa jin daɗinta duk shekarun nan. Ba ta taɓa gyara mini ita ba sai jiya.

Kishi kam ina yi, ba zan ɓoye ba. Amma mai kishin ɗa ba ta kai masa masu kama mota.

Na ji ranar Litinin ta bayan Mauludi za ku zauna da manyan masu harajin, kai da sauran 'yan kwangila. Malam ya ce a nan za a yi sauka daren Juma'a, ni zan yi waina. In sun ƙara aiko wani, zan ce musu ni na haife ka, su tambaye ni abin da suke so, ko maƙwabta su ce na tsufa na zubar da kunya.

Ka duba bayan ambulan. Kullum Barau mai shago ke rubuta mini sunanka. Yau ban je wajensa ba. Na ɓata ambulan biyu kafin sunan ya miƙe, na kuma karanta shi a fili, Malam yana ji.

Ka aiko da amsa kafin Juma'ar nan, ko za ka tsaya ko wucewa za ka yi, in san yawan shinkafar da zan jiƙa.

Ni ce mahaifiyarka,
Safara'u