Gatan da Ya Yi wa Tunkiyata Yawa

Laraba, bayan isha'i.

Tunkiyar Maman Awa maƙwabciyata ta ɗauki ciki, tawa kuwa ta sake neman rago. Rana ɗaya fa muka kai su wurin rago ɗaya a unguwar Tsinga! Tata ɓawon ayaba take tsinta a lungu, tawa kuwa dusa safe da yamma.

Likitan dabbobi ya zo yau. Ya ce wataƙila tunkiyata ta ɗauka, cikin ne ya lalace tun bai zama komai ba. Wai akwai wani sinadari a jiki, progestérone, shi ke riƙe ciki a kwanakin farko, kuma idan aka cika wa tunkiya abinci bayan barbara, sai ya ragu. "Hajiya, gata ne ya yi mata yawa," in ji shi.

Maman Awa ta leƙo ta katanga: "Ayya Yaya, Allah ya kawo rabo." Na ce amin, ban ko dube ta ba.

Ɗazu na cika kwano da dusa zan kai wa tunkiyarta, wai kyauta, alhali na ji abin da likita ya ce. Astagfirullah! Na fasa. Amma har yanzu ban juye ta cikin buhu ba.