Nonon da Tururuwa Ta Ce Mugu Ne

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinki na Galma.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗiya da uwa, tare da fatan Allah ya yalwata miki wurin kwanciya, ya sa kina cikin ni'ima. Ni ce Ramatu, autarki, daga gidan aurena a Allakaye. Na san wasiƙa ba ta kai wa inda kike, ko da kina raye ma sai dai a karanta miki. A waya nake rubutawa, kuma na san waɗansu za su leƙa su gani. Su leƙa ɗin. Na gaji da yi wa bangon ɗaki magana.

Inna, na haihu. Mace ce, an sa mata sunanki, shi ya sa bakina ba ya iya kiran ta, sai dai in ce takwararki. Haihuwar ta zo da gardama. Na zubar da jini mai yawa, sai da aka kwashe ni zuwa likita a Buza, ban san wanda ke kaina ba. Maigidan yana Abijan wajen bidar kuɗi tun cikin yana ƙarami, ta waya ya ji kukan ɗiyarsa.

Da kina nan, da gida zan taho wanka kamar kowace mai haihuwar fari. Kin tuna itacen da kika fara tarawa a bayan ɗakinki tun lallen aurena bai goge ba? Na ce miki, haba Inna, ko ciki babu. Kika ce, "Ke dai tahi ki kawo mani jika, icce ba shi ruɓewa." Da itacen nan aka dafa wa masu zaman makokinki abinci. Ina kallo ana jan sa ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka a hannun uwar mijina nake jego. Iya nake ce mata. Ba zan ɗauki alhakinta ba, Inna, matar nan ta riƙe ni. Ita ke dafa ruwan wanka safe da yamma, ita ke dama mini kunun kanwa, ta tsaya a kaina sai na shanye. Ko tsinke ba ta bari in ɗaga. Sai dai nono ya ƙi zuwa. Takwararki ta kama, ta ja, ta saki, ta tsala ihu, leɓɓanta duk sun bushe.

Tun kafin suna Iya ta shigo da ludayi ta ce in tatsa. Da ƙyar na samu ɗan abin da ya jiƙa gindin ludayin, mai kauri, rawaya-rawaya. Ta fita bakin ƙofa ta tsinto tururuwa ta jefa ciki. Muka zuba ido, ni da ita. Tururuwar ta yi ta mutsu-mutsu tana neman fita, can ta daina motsi. Iya ta yi salati, ta ce, "Nonon ga mugu na, ɗiyata. In ta ci gaba da shan shi, ba mu ganin suna." Ta ɗauke yarinyar daga cinyata ta kai ɗakinta. Tun daga ranar aka koma ba ta nonon akuya da bauri.

Kin san ni da baki, ke kike cewa ya fi ni girma. To, ranar nan bai buɗu ba. Ɗiyar fari ce. Yaya zan dubi uwar mijina in ce ba ni ɗiyata? A nan ko kallon ta na cika yi sai mata su fara taɓa juna, wai sabuwar mai jego ba ta da kunya. Na zauna a ɗaki ina jin kukanta ta katanga, ina cusa bakin zane a bakina.

An yi suna, an watse, sai zawo ya kama ta. Maɗigarta ta faɗa, fatar cinyarta ta yi yaushi. Iya da kanta ta ce mu koma Buza. Sajfam, ungozomar nan ta likita da ta karɓi haihuwata, ta ɗora ta a kan sikeli, na ga fuskarta ta sauya. Ta tambayi abin da ake ba ta, muka faɗa. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta duba ni da kyau, ta ce, "Nononki lahiya lau shi ke. Jinin da kika zubda shi ya hana shi zuwa da wuri. Tururuwa kuwa, ko cikin zuma anka sa ta, mutuwa za ta yi."

Ta ce a bar akuya da bauri. Ta ce tunda nonon bai isa ba tukuna, kuma yarinyar ta rame, a haɗa mata biyu: duk lokacin da ta nemi abinci in fara sa ta ga nono, wannan gefe da wancan, sai in ta gama a cike mata da madarar jarirai ta gwangwani, da ruwan da aka tafasa, a ɗan kofi, ban da bibiro, kwalbar nan mai kan roba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Nono dai da farko. In ba a tsotsa ba, ƙahewa shi ka yi."

Iya ta saurara da kyau, har da gyaɗa kai, ta yi godiya, ta sa mata albarka. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Ashe rabin maganar kawai ta ɗauko. Muna cikin mota ta gyara goyon takwararki ta ce, "Yarinyar ga ta likita ta san madara, na yarda. Nono kuwa mu munka san shi." Gwangwani ya shiga gida, nono yana nan a kan haramcinsa.

Abu ɗaya ya taimake ni. Ni na yi lakwal, makarantar boko, ni ke iya karanta abin da ke jikin gwangwanin, saboda haka haɗa madarar ya zama aikina. Sai na riƙa tafasa ruwa, in wanke hannu da kofin, in zagaya bayan rumbu in tsuguna kamar ɓarauniya, in tatsi kaina. Inna, akwai zafi. Ranar farko ko gindin kofin bai rufe ba. Na haɗa madarar yadda aka ce, na zuba nawa a kai, na kai wa Iya ina sunkuyar da kai. Ta yi bisimilla ta ba jikarta, ta shanye tas.

Haka muka yi ta yi. Zawon ya tsaya, kumatu suka fara fitowa. Iya ta riƙa ɗaga ta tana nuna wa maƙwabta tana cewa, "Ku ga aikin madarar nasara! Da na biye ma uwatta, da tuni wani zance a kai." Ni kuwa ina gefe ina tsince wake. Dariya na zuwa mini, kuka na zuwa mini. Ban taɓa zaton zan yi kishi da kofin roba ba, amma wallahi na yi.

Ina tuna yadda kike ba ni kunya gaban ƙawayena, kina cewa har ina tafiya ina magana ban bar nono ba, wai a tsakiyar kasuwar Madawa nake ɗaga miki riga. Lokacin gudu nake yi in bar wurin. Ban taɓa zama na tambaye ki yadda ake riƙe jariri ba, ko abin da mace ke yi in nono ya ƙi. Na ɗauka kina nan, ranar da na buƙata sai in juya in tambaya.

Hannu bai kai bakin yaro iya jan nono ba, sajfam ta yi gaskiya. Abin da nake samu a bayan rumbu ya fara raguwa. Ƙirjina da ke cika da safe ya koma sakayau. In matsa, in matsa, har fatar ta yi ja, sai ɗigo. Ga shi damina ta kankama, ƙoramar da ke tsakaninmu da Buza ta cika ta batse, motoci sun daina shigowa, masu babur ma sun ce ba za su sa ransu ba. A garin nan kuwa ba mai sayar da irin madarar. Duk sanda na sa cokali sai in ji yana kusantar ƙarfen gindin gwangwanin. Zuciyata ta sha raya mini in ƙara ruwa don madarar ta kai mu, sai in tuna an ce wannan yunwa ce ake ba yaro a kofi, in fasa.

Na hau tudu neman rezon waya na kira maigidan. Na faɗa masa komai ban da zancen bayan rumbu. Ya ce, "Ki yi haƙuri, kak ki ja da Iya, ita ta san yara." Ban ga laifinsa ba, yana can nesa, uwarsa ce. Amma na sauko daga tudun nan na gane ba mai fitar da ni.

Yau da hantsi asirina ya tonu. Ina tsugune, zane a kwance, kofi a hannu, sai ga Iya ta zagayo neman inda kazarta ke zuba ƙwai. Inna, na so ƙasa ta tsage in shige. Ta dube ni, ta dubi kofin. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun ranar da muka komo daga Buza. Ta ce, "Kullum?" Na ce, kullum, Iya. Ta ce, "Duk abin da ni ka ba ta, da wanga ciki?" Na gyaɗa kai. Ta juya ta tafi.

Na zauna a wurin ina jiran abin da zai biyo baya. Na ce yau za a tara mini dangi, a ce na so kashe musu jika. Can sai na ji tana kira na daga rumfa. Na iske ta ta shimfiɗa tabarma, takwararki a hannunta. Ta ce in zauna. Ta ɗora mini ita a cinya, ta sa hannunta ta sassauta mini zane, ta ce, "Ba ta."

Inna, ta ƙi. Ɗiyata ta ƙi ni. Na kai mata baki ta kau da kai, na sake kai mata ta banƙare tana ihu, tana buɗe ɗan bakinta sama-sama yadda ta saba yi wa kofi. Ta manta. Abin da na yi ta roƙon Allah a kai ya zo, an ba ni ita a hannu tsakar rana, gaban kowa, ita kuma ba ta san abin da ake yi da ni ba. Na fashe da kuka, na manta da wata kunya, ina cewa ni ce fa, ni ce uwarki.

Iya ta tashi ta ɗauko cokali da ɗan abin da na haɗa. Ta durƙusa a gabana, tsohuwa da ita, ta riƙa ɗiga madarar a saman nonona tana gangarowa zuwa kan. Takwararki ta ji ɗanɗano, ta lasa, ta laluba, ta kama. Ta ja, Inna. Na ji jan nan har gadon bayana. Ta ja kaɗan, sai ta saki ta koma kuka. Muka sake, ta kama, ta saki. Da azahar muka ƙara gwadawa, haka dai. Ba ta ƙi gaba ɗaya ba, ba ta kuma karɓa ba.

Iya na ta ɗigawa, madarar na zuba a zanena. Ba ta dube ni ba ta fara magana, a hankali, kamar da cokalin take yi. Ta ce, "Ni ma an gwada nawa, Ramatu. Tururuwa ta mutu. Biyu anka ɗauke mani, anka ba su na akuya, duk ba su ga arba'in ba." Sannan ta ɗago ido ta ce, "Ashe ke nan nawa ma lahiya lau shi ke?"

Shekara da shekaru matar nan tana yawo da cewa jikinta ne ya kashe mata 'ya'ya, ta gode wa waɗanda suka ɗauke su. Na riƙe mata hannun kawai, muka ci gaba da ɗigawa.

Abin da ya rage a gwangwanin ba zai kai mu nesa ba, kuma ga hadari ya sake haɗowa daga gabas. Idan yarinyar nan ba ta koyi kama nono ba kafin ya ƙare, ko nonon ya riga ya tafi, ba ni da abin da zan sa mata a baki. Tsoro nake ji, Inna, irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da aka fita da ke. Na rasa ki sau ɗaya, ba zan iya jin an kira sunan nan a makabarta karo na biyu ba.

Ya Allah, ka jiƙan Innata, ka haskaka kabarinta, ka saka mata da alheri a kan kowane ɗigo da ta shayar da ni. Ka jiƙan 'ya'yan Iya biyu da ba su daɗe ba, ka sanyaya mata zuciya. Ka janye ruwan ƙoramar nan. Ka saukar mini da nono, ya Allah, ko yaya yake, ka sa ɗiyata ta kama shi, kada ta saki. Amin.

Ki huta lafiya, Innata.

Autarki mai kewar ki,
Ramatu, a Allakaye