Randarki a Makewayina

Zuwa ga taubashiyata Hajo a Tawa,

Gaisuwa mai yawa. Ina maigida, ina yara? Mu nan Karofane lafiya lau muke, in ban da randarki.

Tun da kika girke ta a makewayina kika tafi, ta cinye rabin wurin. Na rataye soso da sabulu a ragaya, na kafa gwafa don zane, ƙwaryar wanka na kife ta bisa bakin randar, duk da haka a karkace nake tsugunnawa. Surukata ta ce ba a gusar da kayan amana. A littattafan da nake karantawa 'ya'yan sarakuna cikin tafki suke wanka, ni ko wurin miƙe hannu babu!

Ranar kasuwa na juya in cuɗa bayana, na bangaji zana, ta faɗi, ga masu jakuna uku suna wucewa. Har yau ban leƙa rijiya ba.

Ki aiko a ɗauke ta kafin girbi, in ba haka ba taɓaryata ta san aikinta. Ki gaida Kawu, ki sa mu addu'a. Randar ma ki yi mata.

Taki,
Rabi