Kwalekwalen da Na Ɓoye

Tanti Jamila, don Allah ki taimake ni, ban san wa zan tambaya ba.

Ina koyon zane da ordinata, wato kwamfuta, a wata santar koyon sana'a a nan Diffa. Gwaggona Ya Fanna tana sayar da garin tattasai, ta ce in yi mata tambarin da za a manna a leda. Da na fara sai hankalina ya tafi, kin san halin mai yawan karatun littattafan soyayya. Gefen tattasan na zana kogin Komadugu, da kwalekwale, da yarinya, da wani saurayi mai hula karkace. Duk ƴan ajinmu sun san mai karkata hula haka, Kashim ne. Ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba, wallahi.

Kunya ta kama ni, amma na kasa gogewa. Sai na ɗora da'ira na datse zanen, tattasai kaɗai ya rage. Na kai linzamin ordinata inda kwalekwalen yake, na danna, na danna, shiru. Na ce shi ke nan.

To amma in na ce tambarin ya zauna tsakiyar shafi, sai ya goce hagu, kamar wani abu na zaune a dama. Tanti, abin da ido bai gani, linzami bai taɓawa, ta yaya yake cin wuri? Ranar Litinin malaminmu zai karɓi aikin ya gyara. Zai gani?

Mai kunya, Diffa

Ƴata, tambayarki ta burge ni. Wannan datsewar ba almakashi ba ce, taga ce. Abin da ke wajenta ba ya bayyana, ba ya amsa linzami, amma yana nan da tsawonsa da faɗinsa, kuma na'urarki da shi take awo. Shi ya sa tattasai ya goce.

E, malam zai gani. Da ya nemi dalilin gocewar zai cire da'irar.

Ba ki yi laifi ba, zane ne. Amma Kashim bai san an sa shi a kwalekwale ba, kuma Ya Fanna tambari take jira. Ki kwashe kogin da mutanensa ki adana daban, wurin da ke naki ke kaɗai, sannan ki goge su daga tambarin. Tattasai zai koma tsakiya da kansa.

Hannun da ya zana hula har a gane mai ita, kada ki bar shi ya huta. Allah ya yi miki albarka, ya kawo wa gwaggo kasuwa.

Tanti Jamila