Tekun da Ya Yi Garau

Litinin, 3 ga Maris
Mun ɗebo ruwan gwaji. A wurin aikinmu ƙurar teku muke ce musu, ƙananan halittun nan masu yawo a ruwa waɗanda 'ya'yan kifi ke ci. Na ɗiga ruwan a gilashi na leƙa ta madubin ƙara girma. Fayau. Na goge gilashin, na sake. Ɗaya tal ta gifta, a kasalance.

Alhamis, 6 ga Maris
Oga ya aike ni ɗakin ajiya in ɗauko kwalaben ruwan gwaji na shekarun baya. Na jera su a teburi. Na zamanin da nake goye kore shar, har da kauri. Kowace shekara sai launin ya ƙara kodewa. Ta bana kamar ruwan famfo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ruwan sama-sama ya yi ɗumi, ya daina cuɗanya da na ƙasa mai kawo wa ƙurar teku abinci. Na ce yaushe zai gyaru? Sai ya hau neman tabaransa, alhali yana fuskarsa.

Talata, 18 ga Maris
Babu tsuntsu ko ɗaya a bakin gaɓa. Da rana tsaka.

Asabar, 29 ga Maris
Yaya ya zo gida, ragarsa ba kifi, sai waɗansu halittu masu yauƙi da suka kumbura masa hannu. Yana dariya wai teku ya yi wanka, daga cikin jirgi har yashin ƙasa yake hangowa. Inna ta ce ita dai ba ta son ruwan da ba ya ƙarni. Ya ja ni gefe: “Auta, ke da kike leƙen cikinsa, in gyara injin jirgin ko in haƙura?” Jirgin Baba ne. Na ce ya gyara mana, kifi zai dawo. Bakina ne ya faɗa.

Laraba, 9 ga Afrilu
An tura mu can nesa da gaɓa. Da aka kashe inji, tsit. Na leƙa ruwan, na ga inuwar jirginmu kwance a ƙasan teku. Ban ci abinci ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu
Makanikin da zai gyara injin jirgin Baba zai zo gobe. Na kira shi na ce ya dakata. Na kuma tambayi mijin Anti ko har yanzu suna neman direba a kamfaninsu na can cikin ƙasa, nesa da teku. Tambaya ce kawai. Yaya ya iya tuƙi, shi ke nan.