Shaidar da Na Bayar a Kan Taguwar Tazrouk

Tamanrasset, 9 ga Rajab

Zuwa ga ƙanena Salifu, a Damagaram.

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Rakiyatu? Mu nan sai godiya, in ban da gwiwa.

Shekara goma sha tara ke nan ina aiko maka takarda, ko layi ɗaya ba ka taɓa mayar mini ba. Kun raba gonar Baba ba ni nan, na haɗiye. Waya kuwa na bar kira. Wannan ma Sa'idu mai shago na sa ya rubuta, ka san ban yi lekkol ba.

Ɗanka Harisu yana nan tun bara, yana saye da sayarwa a kasuwar dabbobi inda nake dillanci. Ranar farko na gane shi, fuskar Baba ce sak. Ban gaya masa ko ni wane ne ba, don yaro ke zuwa gaida babba. Bai zo ba.

Watan jiya jandarma suka kama shi, wai taguwar da ya sayar, wato raƙuma, ta wani mutumin Tazrouk ce da aka sace. Alhali a gabana ya saye ta. Ni na duba lalas ɗin wuyanta, alamar da ake ƙona wa dabba, ni na haɗa hannunsu da mai sayarwa. Sai na je kotu shaida.

Ka san zuciyata. Lauyan mai taguwa ma an gaya masa, ya zo da shirin in yi faɗa a zubar da maganata. To, Larabcin garin nan ina jinsa sarai, amma na ce a ba ni tafinta. Kafin tafinta ya gama juya tambaya, na ja carbi uku, wutar ta lafa, sannan in amsa. Lauyan ya ce idona ya mutu. Na kwatanta masa lalas ɗin, layi biyu da ɗigo. Ya ce jahili bai san kwanan wata ba. Na ce ranar da motocin Agadas suka shigo ce, a duba a dowan, wurin 'yan kwastan. Awa biyu ina tsaye a kan gwiwar nan.

Sai ya tambaye ni mene ne tsakanina da yaron. Na rantse, ba zan ɓoye ba, na ce ɗan ƙanena ne. Ya ɗauko takarda ya karanta abin da Harisu ya faɗa wa jandarma: ba shi da kowa a nan, wan ubansa ya rasu tuni, ubansa ne ya gaya masa.

Salifu, wannan ban jira tafinta ba na ji ta har ƙashi. Na dai bar tafintan ya gama, na ce ya maimaita. Sannan na ce wa alƙali wanda aka binne da ransa ba shi da dalilin yi wa gidan ƙarya, a koma maganar taguwa.

An sallami Harisu shekaranjiya. Yana ɗakina, yana ce mini Baba, ba ya iya duban idona. Ban tambaye shi komai ba, ba laifinsa ba ne.

Na tsufa, na gaji, ba gona nake nema ba. An yi mini tambaya arba'in na amsa a tsaye, kai guda ɗaya ce taka. Da bakinka ka ce wa 'ya'yanka na mutu? Direban da ya kawo maka wannan zai juyo ran Laraba, na ce kada ya taso hannu wofi. Ka amsa mini.

Ka gaida Rakiyatu da yara.

Naka, wanka da ke raye,
Muhammad Auwal