Makunnin Taraktar Baba

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ƙafa tana sauƙi, kuma Yaya da matarsa ba su gaji da faɗanka ba. Mama tana gaishe ka. Ta ce kada ka kuskura ka taka ƙafar kafin likita ya ba da izini, ta san halinka.

Bayan haka, an yi ruwa sau biyu a makon nan, ƙasa ta sha. Maƙwabta duk sun fara huɗa, gonarmu ce kawai a kwance. Na shiga rumfa in tayar da tarakta, makulli yana juyawa kamar cokali a kofi, ko tari ba ta yi ba. Batir da wuta, fis lafiyarsa lau. Makunnin da makulli ke shiga ne ya mutu. Na sayo sabo, ƙafa huɗu gare shi a baya kamar tsohon. Makaniki ya ce sai bayan kwana goma, ƙasa kuwa ba za ta jira shi ba. Shekara nawa ina miƙa maka sifana? Ni zan sa shi. Ka rubuto mini yadda wayoyin suke, ka ba direban motar kaya ya taho da takardar.

Har yanzu Mama ba ta gaisawa da kafinta. Ta ce wanda ya yi tsanin da ya karya mata miji ba shi da gaisuwa a wurinta. Maganar ta zaga, har mutum biyu sun janye aikin da suka ba shi.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

Auta,

Na ga takardarki, na gode Allah da kuna lafiya. Ƙafa da sauƙi. Yayanki ya ce in kira ki kawai, na ce masa ba a koyar da waya ta waya.

Na san za ki iya. Amma ki bi a hankali. Da farko ki cire baƙin kan batir, ki kawar da shi gefe, in ba haka ba sifana ta taɓa ƙarfe ki ga walƙiya da rana tsaka. Ki kwance notin da ya riƙe makunnin a gaban sitiyari, ki turo shi ta ƙasa. Kada ki cire waya biyu a lokaci ɗaya. Kowace kika cire, ki ɗaura mata salatif ki rubuta harafin da ke jikin ƙafarta. Ja mai kauri ita ce uwa, daga batir take, gidanta B. Shuɗiya ta fitilu ce, A. Baƙa mai ratsi ta hita ce, mai ɗumama inji da safe, H. Fara ita ke zuwa kik, mai tayar da inji, S. Notinan ƙanana ne, ki matse su kamar kina ɗaure wa jariri hula, ba kamar kina ɗaure akuya ba.

Farar wayar ki mayar da ita yadda kika same ta. Kada ki bi ta ki ga inda ta nufa, ba ruwanki.

In kin gama, ki hau kujera ki zauna kafin ki murɗa makulli. Giya a firi, ba a kan kowace lamba ba. Na sake faɗa, ki zauna a kan kujera, giya a firi.

Ki ce wa uwarki ta ƙyale kafinta, bawan Allahn nan, haka.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da fatan ka tashi lafiya.

Waya uku sun shiga gidajensu ba gardama. Farar ce ta tsayar da ni. Bakinta ya ƙone, robar ta narke har tana farfashewa a hannu. Ba zan sa wa sabon makunni ƙonanniyar waya ba, kai ka hana ni irin wannan aikin. Shi ya sa na bi ta, ka yi haƙuri.

Na kwanta a ƙasa na bi ta da yatsa har ƙarƙashin kuloci. Akwai ɗan makunni a wurin, wanda aikinsa ya hana inji tashi sai an taka kuloci. Farar wayar ba ta shiga cikinsa ba. An yanke ta gaba da baya, an murɗe bakunan biyu wuri ɗaya, an naɗe da salatif. Na san naɗin, Baba. Kai kaɗai ke ninke bakin salatif don ya yi sauƙin warewa.

Ina kwance a wurin sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Gaban tarakta ya lotsa, da ƙurar siminti a jikin fentin. Ginshiƙin rumfa kuma ya tsage daidai tsayin wurin. Sandar giya tana kan lamba ɗaya. Na tashi na je bayan ɗaki inda Mama ta jefar da tsanin, na taka matakansa ɗaya bayan ɗaya har na bakwai. Babu wanda ya motsa.

Ban ce wa kowa komai ba. Ina jiran amsarka.

'Yarka, Auta

Auta,

Na amsa gaisuwarki. Kwana biyu takardarki tana ƙarƙashin matashina.

Ni na murɗe wayar, shekara uku ke nan. Ɗan makunnin kulocin ya fara gardama ana tsakiyar aiki, na ce bari in tsallake shi yau, gobe in gyara. Goben ce ba ta zo ba.

Ranar da abin ya faru, makunnin ya ƙi kamawa. Na tsaya a ƙasa, hannu ɗaya yana ƙwanƙwasa kik da sifana, ɗayan yana murɗa makulli. Ban duba giya ba. Tarakta ta kama. Tayar baya ta bi ta kan ƙafata, gaban ya daki ginshiƙi, inji ya mutu. Ba don ginshiƙin nan ba, da ba wasiƙa kike karantawa ba. Girgizar ce ta kayar da tsanin kusa da ni. Uwarki ta shigo da gudu, ta gan ni a ƙasa, ta ga tsani, ta ce, "Tsanin nan ne?" Na bar ta a kan haka. Shekara talatin ina gyaran inji, ina yi wa mutane faɗa a kan wannan ganganci, sai bakina ya yi nauyi. Na zaci maganar za ta mutu a rumfa. Ban san za ta isa shagon kafinta ba.

Ki sayi sabon makunnin kuloci, kada ki yarda da tsohon. Waya ta fito daga S ta shiga ƙafarsa ɗaya, ta fita ta ɗayar zuwa kik. Ki sa waya mai kauri irin ta da.

Zancen uwarki kuwa, ki bari in dawo tukuna.

Babanki

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da kyau, Allah ya ƙara sauƙi.

Aiki ya kammala. Na sa sabuwar waya, na danne bakunan da filaya, na ja kowanne da ƙarfi, babu wanda ya zame. Na mayar da kan batir, na hau kujera. Na murɗa makulli ban taka kuloci ba, shiru. Ban taɓa jin daɗin shirun inji irin na ranar ba. Na taka, na jira hita, na murɗa, bugu ɗaya ta tashi. Kafin rana ta yi zafi na huɗe rabin gonar gabas, gobe in ƙarasa.

Da na dawo, Mama tana bakin rumfa tana kallon ginshiƙin. Ta ce, "Auta, yaushe wannan ya tsage?" Na ce, "Baba ne zai faɗa miki." Ta dube ni, ta koma ciki.

Ba zan faɗa mata ba, domin ba maganata ba ce. Amma in ta sake tambaya ba zan yi mata ƙarya ba. Likita ya ce sai ka yi wata biyu nan gaba. Kafinta yana da 'ya'ya biyar, jiya na wuce shagonsa yana zaune yana wasa zarton da ba shi da abin yankawa. Wata biyu ya yi masa yawa, Baba.

'Yarka, Auta

Auta,

Kin fi ni gaskiya. Ga takardu biyu a ciki, ɗaya ta uwarki, ɗaya ta kafinta. Ki ba uwarki duka biyun da safe, ki hau tarakta ki tafi gona. Kada ki yi saurin dawowa.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Maigida,

Ina gaisuwa. Na karanta.

Ta kafinta da hannuna na kai masa, a gaban mutane na ba shi haƙuri, tunda a gaban mutane na ɓata shi. Ya ce in gaishe ka, ya ce ya yafe. Mutumin ya fi mu duka.

Ni ban ce komai ba tukuna. Abin da zan faɗa ba na takarda ba ne. Ka ci abinci, ka sha magani, ka warke sosai, domin a tsaye nake son in same ka.

Uwar Auta